Idan ɗaya za a bar mini, a bar mini baƙin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafinku na wasiƙu, kuma tun daga farko ina ba masu karatu haƙuri, domin abin da na zo da shi bai shafi tsadar masara ko siyasa ba. Maganar jirgin ƙasa ce, amma ɗan ƙarami na wasa, irin wanda kansa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Zariya, ɗan ma'aikacin reluwe. A ɗakin da ke jikin zaurena akwai wani faffaɗan katako, ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi, na shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a kansa, da tasha ta kwali, da gada, da wasu itatuwa da na yi da soson katifa. Kawunan jirgi bakwai nake da su, huɗu masu tururi, uku masu dizal. Maƙwabta sun gaji da yi mini dariya. Da can cewa suke tsoho ya koma wasan yara, yanzu kuma su ke turo mini 'ya'yansu ranar Asabar don su samu su huta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata tambaya da jikata ta yi mini. A daminar bana rufin ɗakin ya yi yoyo da tsakar dare, muka tashi da tocila muna kwashe kaya. Da gari ya waye, ina zaune ina goge taragu da tsumma, sai amaryar tawa, shekararta tara, ta tsuguna ta ce, "Angona, da a ce ɗaya kawai za ka iya ɗauka jiya, wanne za ka ɗauka?" Na ce duka. Ta ce ba a haka. Na ce to biyu, ɗaya mai hayaƙi, ɗaya mai dizal. Ta ce ashe tsoffi ma suna maguɗi. Na yi sati uku ina juya maganar, har ta kai ni ga musu da aminina, wanda muke shan shayi tare bayan la'asar a gindin darbejiya.

Shi aminin nawa gyaran janareta ya yi duk rayuwarsa, kuma bai ɓata lokaci ba. Ya ce dizal, ya ma nuna wanda yake nufi: koren nan mai hanci gaba da baya, samfurin abin da Turawan Ingila ke kira Class 37. Gaskiya yana da hujja, kuma zan faɗe ta yadda ya faɗa, don kada a ce na yi masa ƙwange.

Ya ce in duba cikin kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Me ke ciki? Ɗan ƙaramin injin lantarki ne, yana shan wuta bolt 12 daga jikin dogo ta ƙafafu. To shi babban kan jirgi na dizal, na gaske, haka yake. Injin dizal ɗin ba shi ke juya ƙafafu kai tsaye ba. Janareta yake juyawa, janareta ya ba da wuta, wutar ta tafi ga injinan lantarki da ke manne da ƙafafun. Wato, in ji shi, kan jirgin dizal janareta ne da aka yi wa ƙafa. Saboda haka ƙaramin na dizal bai yi ƙarya sosai ba, lantarki ke tura babba, lantarki ke tura ƙarami. Amma mai tururin fa? Ba wuta a cikinsa, ba ruwa, ba tururi. Sandunan nan da ke kai da komo a gefensa, a babban jirgi su ke tura ƙafa, a nawa kuwa ƙafa ce ke jan su. Ya ce da ni, "Malam, doki ne aka ɗaure a bayan amalanke, amalanke na jansa, kai kuma kana tafa wa dokin."

Na ji zafin wannan, don gaskiya ce. Akwai kamfanin da ya taɓa fitar da ƙaramin kan jirgi mai dafa ruwa da gaske a wannan girman, Hornby ne, a 2003, amma ban mallake shi ba, kuma ko shi ɗin da lantarki ake dafa ruwan.

Hujjarsa ta biyu ƙura ce. Duk wanda ya san Zariya a watan Janairu ya san abin da nake nufi. Ka share da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Waɗannan jirage kuwa ta wurin haɗuwar ƙafa da dogo suke shan wuta, wurin da bai kai kan allura ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani, jirgi ya yi tuntuɓe. Ina rufe katakon da tsohon zanen gado, ina goge dogon da tsumma da sifirit, duk da haka a hunturu sai na yi ta zungurar masu tururin da yatsa. Koren dizal ɗin ƙafa 12 gare shi, idan wannan ta rasa wuta waccan ta samu, ga nauyi a tsakiya, sai ya wuce abinsa ko a jikinsa. Ba shi da 'yan ƙananan ƙafafun gaba da ke tsalle daga kan dogo a mararraba. Yaro ɗan shekara biyar zai iya ɗora shi a kan layi. Na yarda da wannan ma.

Ya so ya yi mana sulhu daga baya, da ya ga raina ya ɓaci. Ina da wani ɗan guntun dizal na jera taragu a tasha, Class 08, wanda yake da sanduna a waje masu haɗa ƙafafunsa shida kamar na mai tururi. Ya ce in ɗauki wannan, kowa ya samu. Na ce masa ba a tauna taura biyu, kuma amaryata ta riga ta haramta maguɗi.

Abin da aminina bai sani ba, ko ya sani ya yi mini kara, shi ne babban mai goya masa baya a wannan musu mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Baba fayaman ne, mai zuba wa jirgi kwal. Ya yi shekaru a kan layin Zariya zuwa Kano, da na Gusau zuwa Ƙauran Namoda, zamanin da gyaɗa da auduga da fatu ke cika taragu. Jirgi ya isa Kano tun 1911, amma abincinsa daga nesa ake kawo masa. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, aka ja layi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916, sai a 1927 layin gabas ya haɗu da namu ta Kafanchan. Wato kwal ɗin da Baba ke watsawa a wuta a Zariya, wani jirgin ne ya ƙona nasa kwal ɗin ya ɗauko shi daga Inugu. Ga ruwa. Jirgin tururi ya fi raƙumi sha, amma ba shi da haƙurin raƙumi, sai an tsaya an ɗura masa a hanya, kuma a rani a ƙasar nan kowa ya san darajar ruwa. Duk wannan wahala, abin da ke zama tafiya daga cikin zafin kwal ɗin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura yana bin iska.

Ina tuna dawowar Baba daga aiki. Idanu jawur, gashin hannu a babbake, in ya yi kaki baƙi ne. Inna takan jiƙa kayan aikinsa daban a wani tsohon baho, ruwan farko kamar tawadar allo. Aikin ya wuce watsa shebur kawai. Sai an hura wuta sa'o'i kafin tashi. Sai ya san inda zai jefa kowane shebur, kusurwar hagu, kusurwar dama, can ƙurya, don kada wutar ta yi rami iska mai sanyi ta shiga. Ido ɗaya a kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, ɗaya a kan agogon ƙarfin tururi, kunne kuma yana wajen direba. In ruwa ya yi ƙasa da yawa, tukunya na iya hallaka su duka. In tururi ya yi ƙasa a kan hawa, jirgi ya tsaya, laifin fayaman ne. Duk wannan a watan Afrilu, mutum na tsaye gaban bakin wuta. Da aka fara kawo kawunan dizal na kamfanin English Electric a 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, ba a yi zaman makoki a gidanmu ba. Da aka mayar da Baba kan dizal daga baya, cewa ya yi a ranar ya san ashe mutum na iya zuwa aiki da farar riga ya dawo da ita fara. Ban taɓa jin ya yi kewar tururi ba, ko sau ɗaya. Masu kewar tururi, in ji shi, su ne waɗanda suka kalle shi daga kan dandamalin tasha.

To duk da haka, Edita, mai tururi na zaɓa. Kuma ba mai kyan cikinsu ba.

Ina da Flying Scotsman, wanda aka ƙera na gaskensa a Donkasta ta Ingila a 1923, kore shar, yara na rububinsa. Ina da shuɗin nan mai sulɓi, Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli 1938, har yau babu jirgin tururin da ya karya wannan. Na ga na gaskensa da idona a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Yok, lokacin da aka tura mu kwas Ingila a farkon shekarun 1980, yana ƙyalli kamar ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba. Waɗannan 'ya'yan sarauta ne. Ana fito da su ranar salla, su zaga sau uku, a mayar da su kwali.

Wanda na zaɓa baƙi ne wuluk, jirgin kaya, samfurin da ake kira 8F. Na gaskensa an ƙera 852 tsakanin 1935 da 1946, ba don kwalliya ba, don jan kwal da ƙarfe, kuma a yaƙin duniya na biyu an kai wasunsu Masar da Iran da Turkiyya. Ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a baya. Nawa tsohon ƙirar Hornby Dublo ne, jikinsa ƙarfe ne zubi, in ka ɗauka sai ka ji shi a hannu kamar dutsen guga. A wancan zuwa kwas ɗin na saye shi, a teburin wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwar ƙarshen mako, fentin gefe ɗaya ya goge, ba kwali. Kuɗin da na ware don rigar sanyi na ba shi. Na sha sanyi kuwa.

Na saye shi ne don ya yi mini kama da baƙaƙen da na taso ina gani a loko, wato wurin ajiya da gyaran kawunan jirgi, waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Su ƙafafunsu biyu, takwas, biyu ne, wato suna da ƙarin ƙanana biyu a ƙarƙashin ɗakin direba, nawa ba shi da su, amma daga nesa sai ka rantse 'yan uwa ne. Akwai wani abin dariya da na gano daga baya na kai wa aminina: masana'antar Vulcan Foundry da ke Ingila, wadda ta ƙera wasu daga cikin masu sunan kogunan nan tun ƙarshen shekarun 1940, ita ce kuma ta ƙera da yawa daga cikin Class 37 ɗin da yake taƙama da shi. Muna ta musu a kan 'ya'yan ɗaki ɗaya.

Da na dawo gida na ajiye shi a gaban Baba, lokacin ya yi ritaya, ido ya fara rauni. Ya ɗauka, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai shi kusa da fuska. Bai ce yana da kyau ba. Ya sa farcen ƙaramin yatsansa a cikin ɗan ɗakin direban ya ce, "Nan nake tsayawa." Sai ya juya shi, ya bi sandunan da yatsa, yana gaya mini sunan kowace da aikinta: wannan daga fistan take, ita ke tura babbar ƙafa, wannan ke haɗa ƙafafun su yi tafiya tare, waɗannan sirara su ke buɗe wa tururi ƙofa su rufe, da su direba ke mayar da jirgi baya. Ya sa na tura masa shi a hankali, yana ƙirga da baki, cif, cif, cif, cif, huɗu a kowane juyin ƙafa, don silinda biyu ne, kowace tana tura gaba tana tura baya. Ya ce daga wannan sautin kaɗai, yana kwance a gida, yakan gane direban da ke fita da jirgi, da ko yana tausayin fayaman ɗinsa. Shekara talatin ina ɗansa, ban taɓa jin wannan bayani ba sai ranar. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Kwal ɗin nan na ƙarya ne." Ya koma kan rediyonsa.

Wannan ce amsata ga maganar doki da amalanke. Na yarda ƙafa ke jan sanda a nawa. Amma sandar tana nan, a waje, ido na ganinta, tana yin daidai motsin da ta gaske ke yi. Koren dizal ɗin akwati ne. Yana da ƙarfi, ba ya ba ni wahala, amma duk abin da yake yi a ɓoye yake yinsa. Na gwada da yaran unguwa ba sau ɗaya ba. In na saki dizal, su yi ihu su ce a ƙara gudu. In na saki baƙin a hankali, sai ka ga sun kwantar da kumatu a kan katako, ido daidai da ƙafafu, shiru, can wani ya ce, "Malam, me ke tura wancan ƙarfen?" Na yi shekara 35 a aji ina neman hanyar da zan sa yaro ya yi irin wannan tambaya da kansa.

Maganar kwal ɗin ƙarya kuwa, na gyara. Na tsinci wani ɗan curi a bakin tsohon loko, na daka shi a turmin yaji, abin da Hajiya ba ta yafe mini ba har yau, na tankaɗe, na manna da gam a bayan jirgin. Yanzu akwai abu ɗaya na gaske a jikinsa.

Kada in ɓoye aibinsa, ko da yake an ce so hana ganin laifi. Ɗingishi yake yi. Wata shekara ya faɗo daga kan katako, ƙafa ɗaya ta ɗan juya a kan sandarta. A jirgin tururi, babba ko ƙarami, maƙalan sandunan hagu da na dama ba sa tafiya daidai, ɗaya na gaba da ɗaya da rubu'in juyi, don kada duka biyun su tsaya a inda ba su da ƙarfin turawa. In wannan lissafi ya goce ko kaɗan, sanduna su riƙa cijewa. Na kai wa mai gyaran rediyo, ya ce ba layinsa ba ne. Na kai wa wani tsoho mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari, ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san Allah ɗaya ne." Kwana huɗu ya riƙe shi. Ya dawo yana tafiya, amma da ɗan gyaɗa kai a kowane juyi, kamar dattijo mai ciwon gwiwa. An kuma taɓa kawo wuta da ƙarfi ta ƙone mini taransifoma, shi dai ya tsira. Tun daga nan na koma batirin sola.

Akwai wani abin da ke ci mini rai, shi ne ma rabin dalilin wannan wasiƙa. Duk kawunan nan bakwai na Ingila ne. Shekara arba'in ina dube-dube, ban taɓa cin karo da ƙaramin samfurin jirginmu na Najeriya a kanti ba. Ɗaya daga cikin dalilan faɗin dogo ne. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, na Ingila kuwa 1,435, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016. Dogon da nake wasa da shi milimita 16.5 ne. Masu ƙera ƙananan jirage a ma'aunin da ake kira HO suna rage girman jirgi sau 87, lissafi ya fita daidai. Turawan Ingila kuwa, a ma'auninsu na OO, sau 76 suke ragewa amma su ɗora a kan wannan dogon, sai ya zama ya yi wa jirgin ƙunci. Su abin na damunsu. Ni kuwa daɗi nake ji, domin kuskuren nasu ya matso da baƙina kusa da layin Baba. Wanda ke son ya yi namu daidai a kan wannan dogo, sai ya rage sau 64, kamar yadda masu wannan sha'awa ke yi a Niyuzilan, inda faɗin layinsu ɗaya ne da namu. Amma komai da hannu za a ƙera.

To ni ina so in gwada, kafin ido ya ƙi. Na yi magana da mai gyaran agogon, ya ce in dai akwai hoto da awo, zai taya ni da ƙananan ƙarafan, ni in yi jikin da farantin tagulla. Abin da na rasa hoto ne mai kyau. Na san akwai kayan tarihin reluwe a gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, amma tafiyar ta yi wa ƙafata nisa yanzu. Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman 'ya'yan reluwe irina da ke Kafanchan, Minna, Kaduna, Nguru da Gusau: wanda duk yake da tsohon hoton kan jirgi mai sunan kogi a akwatin mahaifinsa, musamman wanda aka ɗauka daga gefe, ƙafafu duka suna fitowa, ya taimaka ya aiko ta hannun wannan jarida. Ko da mutum ya tsaya a gaba ya tare rabi, ina so, tsawon mutumin ma awo ne. In kuma akwai wanda ya san inda wani ke kwance a cikin ciyawa, 'yan gwangwan ba su kai gare shi ba, ya gaya mini, zan aika yaro da tef.

Na gaya wa amaryata zaɓina ranar Juma'ar da ta wuce. Ta dubi baƙin, ta dubi shuɗin, ta ce, "Gurgun?" Na ce shi. Ta ce to tunda haka ne, in an sake yin yoyo, ita za ta ɗauki Mallard, kuma ba za ta dawo da shi ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, ɗan reluwe,
Zariya.